Jinjina ga Maginan Tukwanen Wudil

Tun ranar da Allah Ya karɓi ran gwaggona, Allah Ya jiƙanta da rahama, ban taɓa ƙetare gadar Wudil ran Juma'a na ga randuna da tuluna jere a kasuwa ba, face na tuna da hannunta, wanda yumɓu ya cinye faratansa. Mace ce da ba a yi mata umarni a kan zanen tukwanenta. Idan mai saye ya nemi irin na jiya, sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ƙi. Abokan sana'arta, duk da roba ta cika gari, ba su gushe ba suna kwaɓa yumɓu cikin haƙuri da ƙana'a. Randarta tana nan a zaurenmu, ruwanta da sanyi ko da tsakiyar bazara.