Sukar 'Yan Mazan Jiya ga Manufofin Shugaba Roosevelt, 1933 zuwa 1938

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a auna sukar da masu ra'ayin 'yan mazan jiya na Amurka suka yi wa Shugaba Franklin Roosevelt a kan haraji, da kashe kuɗin gwamnati, da faɗaɗa ikon shugaban ƙasa, domin a ga inda hujjarsu ta tsaya da inda ta rushe. Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, lokacin da kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi. A 1934 masu adawa suka kafa Ƙungiyar 'Yancin Amurka, wadda attajiran gidan du Pont suka fi kowa ɗaukar nauyinta. Cikin jagororinta har da Al Smith, wanda jam'iyyar Dimokurat, wato jam'iyyar Roosevelt ɗin, ta tsayar takarar shugaban ƙasa a 1928.

Haraji

Dokar haraji ta 1935 ta kai kason gwamnati kashi 79 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala miliyan 5 na samun mutum a shekara. Masu suka suka ce wannan horo ne ga mai ƙwazo, kuma zai sa masu jari su noƙe. A nan hujjar ba ta da ƙarfi, domin waɗanda samunsu ya kai haka ba su taka kara sun karya ba. Kaso mai tsoka na kuɗin shiga a lokacin daga harajin kayan masarufi yake fitowa, irin su taba da giya da man fetur, wanda ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi. Ashe kukan ƙungiyar ya fi yawa a inda ciwon bai kai ba.

Kashe kuɗi

A yaƙin neman zaɓe na 1932, a birnin Pittsburgh, Roosevelt ya yi alkawarin rage kuɗin tafiyar da gwamnati da kashi 25 cikin ɗari, sai ga shi kowace shekara kasafinsa da giɓi. Ta fuskar saɓa alkawari sun yi gaskiya. Amma da aka gwada maganinsu a 1937, aka rage kashe kuɗi don cike giɓin, tattalin arziki ya sake durƙushewa, har a 1938 dole aka koma wa ayyukan da aka yanke. Ko da yake matsin da Babban Bankin ƙasar ya yi wa bankuna yana da hannu a ciki, wannan ya raunana da'awarsu ƙwarai.

Iko

Nan ne sukarsu ta fi nauyi. A 1935 alƙalan Kotun Ƙoli su tara suka haɗu a kan soke dokar farfaɗo da masana'antu, saboda majalisa ta miƙa wa shugaba ikon da tsarin mulki bai yarda ta miƙa ba. A watan Fabrairu na 1937 Roosevelt ya nemi a ba shi damar ƙara alƙalai har shida, ɗaya a kan kowane alƙali da ya haura shekara 70 bai yi ritaya ba. Majalisar Dattijai, wadda 'yan jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta, ita ta binne wannan buƙata. Bayan an zaɓe shi sau huɗu, a 1951 aka gyara tsarin mulki, aka hana zaɓen mutum ɗaya fiye da sau biyu.

Kammalawa

A zaɓen 1936 Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48, ƙungiyar kuwa ta mutu a 1940. Jama'a sun ɗauki kukanta a kan haraji kukan mai tsaron aljihunsa ne. Gargaɗin da aka yi game da iko shi ne ya ɗore, domin ya shafi mai kuɗi da talaka baki ɗaya, har ya samu magoya baya a jam'iyyun biyu. Don haka mai nazari ya kamata ya rarrabe sukar nan uku, ya auna kowace da ma'auninta.