Tatsuniyar Dutsen Sapo da Asalin Sunan Sabulu

Akwai wani labari da ke yawo cikin littattafai game da asalin kalmar soap, watau sabulu da Ingilishi. Har a Kura mun ji shi, a bakin hanyar ruwan da aka jawo daga madatsar Tiga, wani ɗan makaranta yana ba iyayensa mata suna wanki. Wai a ƙasar Rum akwai wani dutse, Sapo, inda ake yanka wa gumaka dabbobi. In an yi ruwan sama sai kitse da toka su gangara kogi, masu wanki suka ga tufafi sun fi fita a wurin, suka laƙaba wa abin sunan dutsen. Yaron ya ƙara da cewa sabulun namu ma daga soap muka aro shi.

To, labarin da daɗin ji, amma ba shi da tushe. Babu marubucin Rumawa da ya ambaci dutsen nan. Malaminsu Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya rubuta cewa mutanen Gol, inda Faransa take yanzu, su suka ƙago sapo daga kitse da toka, kuma don jajanta gashin kai suke shafa shi. Ya ce a wajen Jamusawa maza sun fi mata amfani da shi! Su Rumawa kuwa mai suke shafawa su kankare, masu wankinsu da tsohon fitsari suke aiki. Masana harsuna sun nuna kalmar ta kakannin Jamusawa da Ingilishi ce, Rumawa ne suka ara.

Zancen yaron na biyu shi ya fi damunmu, don yana sa 'ya'yanmu zaton ba mu san tsabta ba sai da Turawa suka zo. Daga Rumawa kalmar ta bi ta hannun Yunanawa har ta kai ga Larabawa suka ce sabun, daga gare su muka samu. Juyar da n zuwa l kuwa halin bakinmu ne, yadda muka yi da lamba. Ashe sabulu da soap 'yan kaka ɗaya ne, kowa da hanyar da ya biyo. Aikin toka kuwa, marinan Kura sun san shi tun kafin a gama Tiga cikin 1974, haka masu dafa sabulun salo.