Masu Ƙirgar Zaren Gado a Saiwar Okid

Da tsinin saiwa ake farawa, ɗan guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A nan ƙwayoyin halittar tsiro suke ta rabuwa, kuma sai lokacin rabuwar ne kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, suke dunƙulewa har madubin likita ya nuna su. Mai aikin zai jiƙa guntun a maganin kolcisin don rabuwar ta tsaya cak, ya tsoma shi a barasa da asid, ya rina shi, sannan ya ɗora a kan gilashi, ya rufe, ya danne da babban yatsa.

Dannewar nan ita ce gwanintar. In aka yi sako-sako, zaren su cuɗe kamar taliya. In ƙarfi ya yi yawa, ƙwayar ta fashe, wasu su watse, lissafi ya ɓaci. Ga shi yawancin okid, dangin furannin da vanila ta fito daga cikinsu, zarensu ƙanana ne, kuma da yawa. Kada ma a raina aikin: an shafe fiye da shekara 30 ana cewa zaren ɗan Adam 48 ne, sai a 1956 masana biyu, Tjio da Levan, suka bayyana cewa sun ƙirga 46 a birnin Lund na Suwidin. Su biyun kuwa a kan tsirrai suka goge.

Haƙurin masu ƙirgar ne ya warware asalin okid ɗin Dactylorhiza na fadamun Turai. Jinsin fuchsii yana da 40, incarnata ma 40. Suka yi barbara, zaren ya ninka, aka sami jinsin majalis mai 80. Inda mai 40 ya yi maƙwabtaka da mai 80 kuma, a kan tsinci ruwa-biyu mai 60, wanda ba kasafai yake ba da iri mai kyau ba. Na wani okid ɗin, Gymnadenia, ya fi ba ni mamaki: a ƙasar Cek an tarar da masu 40 da masu 80 a fili ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, da ɗaiɗaikun masu 60 ko 100 a tsakaninsu.

Yanzu akwai na'urar da ke auna ganye ɗaruruwa cikin ɗan lokaci. Sai dai yawan sinadarin gado take faɗa. Adadin zaren kam, har gobe sai wani ya sunkuya ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya.