Ayari Ba Madugu: Sharhi Kan Masu Ƙaura a Saman Tirela



Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a cikinmu, har ta daina ba kowa mamaki. Yaro zai sayar da ɗan abin da yake da shi, a raka shi bakin titi bayan isha'i da babur ɗinsa ko ƙunshin kayansa, ya haye saman tirelar da ta ɗauko shanu ko buhunan hatsi, sai Legas ko Fatakwal. Wani ma magidanci ne sukutum, da mata da 'ya'ya da katifa da tukwane. In ka tambaya, a ce maka ya tafi neman na kansa, ba zai dawo ba sai ya kafu. Wannan al'ada muke so mu ɗora a sikeli a wannan fitowa, domin a ganinmu yadda ake yin ta ba daidai ba ne.

Tun farko a fahimce mu, tafiyar kanta ba laifi ba ce. Mazaunin Kafanchan ba shi da bakin hana ƙaura. Da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu jirgin ƙasa ne ya sauke su nan, bayan layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a wajen 1927, garin ya zama mahaɗa. Fadar Sarkin Jama'a ma sai a 1933 ta zauna a Kafanchan. Kuma mun san abin da ke korar yaranmu. Jirgin da ya raya garin ya kwanta. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya cinye kasuwa da jarin mutane masu yawa. Cutar da ta faɗa wa citta a 2023, daga Kachia zuwa ƙasar Jaba, ta bar dillalai da 'yan dako da masu ɗinkin buhu hannu rabbana. A watan Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya hau tirela don kuɗinta bai kai na bas ba, ba mahaukaci ba ne. Rashi ne ya kai shi.

To amma a duba yadda magabata suke tafiya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa fita kara zube ba. Ayari yana da madugu mai faɗa a ji, yana da jagaba wanda ya san hanya da mashaya, yana da uban dawaki mai shirya sauka da biyan kuɗin fito. Kowane zango an san shi tun kafin a tashi. In an isa, akwai mai masauki da zai karɓi baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in magana ta taso. Da wannan tsari aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, da shi zangunan Kumasi da Salaga suka rayu. Mu kuwa mun riƙe tafiyar, mun yar da tsarin. Yau madugun yaranmu shi ne ɗan kamasho na bakin titi, wanda da ya karɓi la'adarsa ya gama da su.

Illa ta farko ita ce ta rai. Tirela an ƙera ta don kaya. Mutumin da ke zaune a kan katakon da aka gitta saman shanu, ko a kan tamfol, ba shi da abin kamawa. Duk wanda ya san gangaren hanyar Gwantu zuwa Akwanga, ko kwanonin da ke tsakanin Lokoja da Okene, ya san me ake nufi in birki ya ƙi. Kayan da ka zauna a kai, su za su danne ka. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana hana haɗa mutane da kaya ko dabbobi a mota ɗaya, amma direba ya san inda zai bi da dare, ya san abin da zai miƙa a shinge. Ba sunan kowa a takarda. In abu ya faru, sai a binne mutum a garin da ba a san ko ɗan wane ne ba, uwarsa tana nan tana jiran waya.

Illa ta biyu ita ce yadda ake kallon mai irin wannan tafiya. Matasa tuli a bayan mota, cikin dare, ba takarda, ba wanda zai ce ya san su, a ƙasar da tsoro ya cika zukatan mutane. A watan Agustan 2019 jami'an Jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jigawa, aka tsare su ana bincike, alhali neman abinci kawai suka je. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an kashe matafiya 16 da suka taso daga Fatakwal a babbar mota za su gida Kano yin Sallah. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba wani uzuri da zai wanke wannan zalunci. Sai dai uban da zai ɗora ɗansa a kan wannan hanya, ya kamata ya san irin hanyar da take.

Illa ta uku, ana tafiya ba a san inda za a ba. Yaro zai ɗora babur don ya yi acaba a Legas, bai ji cewa tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku ba, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Jarin da uwa ta sayar da akuya da zannuwanta ta haɗa, ya tafi a wuni ɗaya. Kunya ta hana shi dawowa, ya koma kwana a rumfar kasuwa. Magidancin da ya kwashi iyali kuwa, ya cire yara daga Islamiyya da boko, ya kai su inda ko ɗaki bai kama ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne rigar addini da ake sa wa wannan ganganci. In ka yi magana a ce ai hijira ce, arziki na Allah ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma a koma a karanta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tasa hijirar. An tura Mus'ab ɗan Umair Madina tun kafin a tashi. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma. An ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya. Da aka isa, an haɗa kowane baƙo da ɗan gari ya zama ɗan'uwansa. Wannan shi ne tawakkali. Wanda ya fi kowa dogaro ga Allah shi ya fi kowa shiri.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai, kuma ba wanda ya fi ƙarfin unguwa. Kada uba ya sa wa tafiya albarka sai ya ji sunan wanda zai karɓi ɗansa, ya yi magana da shi da bakinsa. Kowane masallaci ya ajiye littafi, a rubuta mai tafiya da garin da ya nufa da lambar motar da ya shiga. Mai unguwa ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Hausawan can, ya haɗa da katinsa na ɗan ƙasa. 'Yan kasuwarmu da ke aika kaya kudu su gaya wa direbobinsu ƙarara cewa ba a ɗora mutum a kan lodinsu. Sannan yadda muke haɗa gudummawar biki da suna, mu buɗe asusun cika wa mai tafiya kuɗin bas. Magidanci kuma ya fara zuwa shi kaɗai, in ya kama ɗaki da sana'a ya aiko a kawo iyali.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin kujera a bas, komai tsadarsa, bai kai kuɗin ɗauko gawa daga Okene ba.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya buɗa wa na gida. Wassalam.