Yaƙini da Ƙanƙan da Kai a Addu'ar Neman Waraka: Nazari kan Matsayar C. S. Lewis

A watan Disamba na 1953, marubucin nan na Birtaniya C. S. Lewis (1898–1963) ya gabatar da wata maƙala a gaban taron limaman Kirista a Oxford, ya kuma faɗa tun daga kanunta cewa matsala ce da ba shi da amsarta. Matsalar ita ce Sabon Alkawari ya koyar da salon roƙo iri biyu da suke kamar suna karo da juna. Na farko shi ne wanda Luka 22:42 ta danganta wa Annabi Isa (AS) a lambun Getsamani, inda aka ruwaito ya roƙi a kawar masa da musiba, sannan ya rataya roƙon ga nufin Ubangiji. Na biyu yana cikin Markus 11:24 da wasiƙar Yaƙub 1:6–7, inda aka umarci mai roƙo ya gaskata cewa zai sami ainihin abin da ya nema, aka kuma gargaɗi mai kokwanto kada ya sa ran komai. Ta yaya zuciya ɗaya za ta sakankance cewa majinyaci zai tashi, alhali tana shirye ta karɓi akasin haka? Lewis ya rufe jawabinsa da tambayar limaman yadda zai yi addu'a a daren ranar.

Tambayar ba ta daɗe tana ta ilimi kawai ba. A 1956 aka gano matarsa, Joy Davidman, tana fama da ciwon daji da ya ci ƙashin cinyarta. A watan Maris na 1957 wani limamin Angilika, Peter Bide, ya ɗora mata hannu ya yi addu'a a gadon asibiti, kamar yadda Yaƙub 5:14–15 ta tanada. Ciwon ya lafa har ta koma tafiya da ƙafarta, daga baya ya dawo, ta rasu a watan Yuli na 1960. Saboda haka abin da Lewis ya rubuta bayan wannan magana ce ta wanda ya ga an amsa masa, ya kuma ga an karɓe.

Babban abin yabo a matsayarsa shi ne ƙin mayar da addu'a tsafi. A maƙalarsa ta 1959 kan tasirin addu'a ya nuna cewa roƙo roƙo ne, wanda ake roƙo yana iya bayarwa yana iya hanawa, kuma da a ce kowace addu'a tana biya ba kuskure, da hakan ya zama hujjar cewa mutum ya sami hanyar tilasta wa tafiyar halitta. Wannan ya saɓa kai tsaye da koyarwar F. F. Bosworth a littafinsa Christ the Healer na 1924, wanda ya ɗauki rataya addu'ar waraka ga nufin Allah a matsayin abin da ke rushe imani. Ra'ayin Bosworth ya ƙara yaɗuwa ta hannun irin su Kenneth Hagin, kuma amonsa ba baƙo ba ne a tarukan warkarwa na majami'un Fentikos a Nijeriya. Illarsa a fili take: idan waraka tabbas ce ga mai imani, to wanda bai warke ba shi ne mai laifi. Sai majinyaci ya kwana da ciwo biyu, na jiki da na tuhuma.

Amma mafitar da Lewis ya kawo a Letters to Malcolm, wanda aka buga a 1964 bayan rasuwarsa, ba ta kai ƙarfin tambayarsa ba. Ya ce alkawarin da ke cikin Markus ya shafi wani mataki na imani da mafi yawan masu bi ba sa kai wa, mataki na annabawa da manzanni da masu baiwar warkarwa, waɗanda ake ba su tabbacin saboda abin zai auku. Ya ja kunne kada mutum ya matsa wa ransa har ya ƙago wani yanayi ya kira shi imani, kuma wannan jan kunne yana da kyau. Sai dai lafazin nassin bai keɓe kowa ba, kuma wasiƙar Yaƙub ga jama'ar masu bi aka aike ta. Bugu da ƙari, a maƙalar 1959 shi da kansa ya kawo ra'ayin cewa amsoshi masu ban mamaki sun fi zuwa wa sababbin shiga, manya kuwa su ake yawan hanawa. Bulus ma, a 2 Korintiyawa 12:7–9, ya roƙi a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa har sau uku, ba a cire ba. Idan tabbacin rabon manzanni ne, ina rabon Bulus? Abin da Lewis ya yi shi ne raba yaƙini da ƙanƙan da kai tsakanin mutane iri biyu, alhali tambayarsa ta farko ita ce yadda za su zauna a zuciya guda.

Labaran warkarwa na Linjila sun fi kusa da haɗa su. Kuturun Markus 1:40 bai yi shakkar ikon wanda yake roƙo ba, ya dai bar masa zaɓi. Jarumin Roma na Matiyu 8 ya ga kansa bai cancanci a shigo gidansa ba, kuma shi aka yaba da girman imani. A waɗannan wurare yaƙinin yana kan wanda ake roƙo, kuma ƙanƙan da kai bai rage masa komai ba.

Ɗalibin hadisi zai gane wannan saƙo da sauri, domin zahirin karon yana nan a nassoshin Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hani ga mai neman gafara da rahama ya rataya su ga ganin dama, an umarce shi ya yanke a roƙonsa. Su biyun kuma sun ruwaito daga Anas cewa wanda cuta ta tsananta wa kada ya yi burin mutuwa, ya roƙi a raya shi matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare shi. Malamai sun daidaita su da cewa abin da alherinsa tsantsa ne ana roƙonsa ba sharaɗi, wanda kuwa ba a san ƙarshensa ba ana mayar da shi ga ilimin Allah. Hadisin Abu Sa'id a Musnad na Imam Ahmad ya faɗaɗa ma'anar amsa kanta: a gaggauta bayarwa, ko a ajiye wa bawa a Lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri kwatankwacinta. Ga kuma matar nan mai farfaɗiya a hadisin Ibn Abbas, da aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai ladan Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ba wanda ya zarge ta da raunin imani. Wasu masu ruƙiyya da maganin Musulunci da ke yi wa jama'a alkawarin waraka tabbas a gidajen rediyo sun fi kusa da Bosworth fiye da wannan baiwar Allah, ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

Adalci shi ne a yarda cewa wannan daidaitawa ba ta warware wa Lewis matsalarsa. Nassin da ke gabansa ya yi alkawarin ainihin abin da aka roƙa, ba madadinsa ba, kuma ya ƙi ya tausasa lafazin don ya sami sauƙi. A littafin alhininsa, A Grief Observed, da ya fitar a 1961 da sunan aro, ya kwatanta addu'arsa bayan rasuwar Joy da ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe aka sa mata sakata, kafin daga bisani ya fara zargin cewa ihunsa ne ya hana shi jin amsa.