Kuntigi Ba Magaji: Nazari a Kan Gado da Tasirin Ɗan Maraya Jos

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da makaɗi ya jingine kayan kiɗansa, ko don tsufa, ko don tuba, ko kuma don ajali ya yi kira, tambayar da takan biyo baya ita ce wa ya gaje shi. A al'adar Bahaushe amsar ba ta cika yin wuya ba, domin kiɗa sana'a ce ta gado kamar ƙira da jima da fawa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, amma zuriyarsa ba ta bar kiɗan gidan ya mutu ba. Haka kuma bayan rasuwar Alhaji Mamman Shata a 1999 an ci gaba da jin kalangu daga gidansa. To, amma Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, kuma har yanzu babu wani makaɗin kuntigi da ya kai a nuna shi a ce ga wanda ya tsaya a gurbinsa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ya fito da Ɗan Maraya daga cikin tsaransa shi ne kuma ya hana shi magaji, sannan tasirinsa ya bi wata hanya dabam da wadda manazarta waƙar baka suka saba dubawa. Za a kwatanta shi da wani tsaransa na ƙasar Ingila, mawaƙin rok Cat Stevens, wanda ya ajiye jita na tsawon shekaru masu yawa, domin a ga yadda waƙa take rayuwa idan mai ita ya yi shiru.

2.0 Mawaƙin da ya tsaya shi kaɗai

An haifi Ɗan Maraya a 1946 a Bukur, garin kuza da ke kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne, amma iyayen biyu sun rasu tun yana ƙarami, sai sarkin ya riƙe shi. Daga nan laƙabin ya samo asali. Abin lura shi ne bai ɗauki kiɗan fada da mahaifinsa ya bari ba. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi kuwa ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Ba shi da kwarjinin kotso ko tambari, kuma yaro ma yana iya haɗa shi a bayan gida.

Wannan zaɓi ya sauya zubi da tsarin waƙar gaba ɗaya. Makaɗin fada yana tafe da ƙungiya: akwai 'yan amshi masu karɓar gindin waƙa, akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai ƙara wa yabo armashi. A cikin wannan ƙungiya ne yaro yake koyon sana'a, yana amshi shekara da shekaru har ya san inda ake saɗaru da inda ake numfasawa, kafin wata rana ya yi jagora. Wato ƙungiyar makaranta ce. Ɗan Maraya kuwa shi ne jagora, shi ne ɗan amshi, shi ne mai kiɗa. Inda wani zai jira amshi, shi tsirkiyar ce take amsa masa. Wannan ya ba shi 'yancin da makaɗan ƙungiya ba su da shi, domin yana iya tsawaita ɗan waƙa ko ya gajarta shi, ya shiga zance ya fita, ba tare da ya jira kowa ba. Sai dai kuma mawaƙin da ba shi da 'yan amshi ba shi da almajirai.

3.0 Turke da harshe

Waƙar da ta fara fito da shi, kuma har gobe ita ce aka fi saninsa da ita, ita ce ta Karen Mota. A nan ya ɗauki dukkan kayan aikin yabon sarauta, wato kirari da kambamawa da ambaton bajinta, ya ɗora su a kan yaron da yake loda kaya, yake sa weji a bayan taya, yake kwana a ƙarƙashin mota. Azancin da ke ciki ba ƙarami ba ne. M. G. Smith, a nazarinsa na 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda yabo yake tabbatar da matsayin manya a cikin al'umma. Ɗan Maraya ya juya akalar wannan yabo zuwa ga wanda ba shi da abin da zai bayar. Ba a ce bai taɓa yi wa masu hali waƙa ba, ya yi, kuma a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Amma ba waɗannan ne suka rayu ba.

Wanda yake son ya ga masu wannan waƙa da idonsa ya je Potiskum, garin da hanyar Jos zuwa Maiduguri ta Bauci take ratsawa, kuma inda hanyar Kano take haɗuwa da ita. Garin ya yi suna da abu biyu, kasuwar shanu wadda take cikin manya a Afirka ta Yamma, da kuma sana'ar manyan motoci. A unguwanni irin su Yerimaram ba baƙon abu ba ne a sami gidan da abincinsa ya dogara ga tirela, ko ta hanyar direba, ko makanike, ko ɗan kamasho, ko yaron mota (yau an fi son wannan suna, domin kalmar kare ta yi wa kunne nauyi, ko da yake waƙar ce ta wanke ta). Hanyar zama direba a nan har yanzu ita ce wadda Ɗan Maraya ya sani: yaro ya bi mota shekaru yana shan wuya kafin a ba shi sitiyari. Saboda haka waƙar ba ta zama tarihi ba tukuna.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Potiskum gari ne na Ngizim da Kare-kare da Bolewa da Fulani da Barebari, kuma Hausa ce take haɗa su a kasuwa da tasha. Jos ma haka take, gari ne da haƙar kuza ya tara ƙabilu daga ko'ina. Hausar Ɗan Maraya Hausar irin waɗannan garuruwa ce: gajerun jimloli, kalmomin yau da kullum, da aron kalmomin bariki ba tare da jin kunya ba. Bakandamiyar Narambaɗa tana buƙatar mai sauraro ya san Sakkwatanci da tsarin sarautar Gobir kafin ya sha romonta. Waƙar Ɗan Maraya ba ta neman wannan sharaɗi. Wasu manazarta sukan ɗauki wannan sauƙi a matsayin ƙarancin fasaha, alhali kuwa shi ne ya kai waƙar baka ta Hausa kunnuwan miliyoyin mutanen da ba a haife su da harshen ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a rufe ido ga rauninsa. Kiɗan kuntigi ba shi da faɗi, kuma wanda ya saurari waƙoƙi goma a jere zai ji karin yana maimaita kansa. Waƙoƙin da ya gina a kan nasiha zalla sukan yi sanyi, su koma jerin umarni da hani. Daɗin daɗawa, ko a waƙoƙi irin su Mai Akwai da Babu, inda ya fito da tazarar da ke tsakanin mawadaci da matalauci, maganin da ya fi bayarwa shi ne haƙuri da kyautatawa. Ya ɗaga darajar talaka, amma bai cika tambayar abin da ya talauta shi ba. A wannan fage mawaƙan NEPU na shekarun 1950, irin su Gambo Hawaja, sun fi shi kaifi.

4.0 Murya ɗaya, mutane da yawa

Inda fasaharsa ta kai ƙololuwa shi ne waƙoƙin zaman aure, musamman Jawabin Aure da Gulma-Wuya da Auren Dole. A nan ba ya tsayawa ya ba da labari daga nesa. Yakan shiga bakin miji ya yi magana, ya sirantar da murya ya zama mata, ya sake karya ta ya zama tsohuwa mai kai gulma tsakanin gidaje. Mai sauraro yana gane wanda yake magana ba tare da an faɗa masa ba. Rashin 'yan amshi ne ya tilasta wannan dabara, domin da yana da su da an raba muryoyin. A taƙaice, wasan kwaikwayo ne cikakke wanda mutum ɗaya yake yi da maƙogwaro da tsirkiya ɗaya. Habibu Ahmed Daba ya yi rubutu a kansa tun 1981, Graham Furniss kuma ya ba shi gurbi a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa, amma wannan ɓangare na sarrafa murya har yanzu bai sami nazarin da ya cancanta ba.

A nan ne kwatanci da Cat Stevens yake da amfani. An haife shi a Landan a 1948, shekara biyu bayan Ɗan Maraya, kuma shi ma ya yi suna ne a matsayin mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, yana rera abin da ya tsara da kansa. A waƙarsa Father and Son, wadda ta fito a faifan Tea for the Tillerman a 1970, ya yi amfani da dabara iri ɗaya: ya saukar da murya ya zama uba mai ba da shawarar a bi a hankali, ya ɗaga ta ya zama ɗa mai son barin gida. Ya musulunta a watan Disamba na 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam, kuma bayan wani wasa a Wembley a 1979 ya bar dandalin rok, ya sayar da jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka, ya koma ga harkar ilimi, inda ya kafa makarantar Islamia a Landan a 1983. Bai sake fitar da faifan kiɗan zamani ba sai 2006.

Shi ma bai yaye almajiri ba. Amma a tsawon waɗannan shekaru waƙoƙinsa ba su yi shiru ba. Ƙungiyar Boyzone ta ƙasar Ayalan ta sake rera Father and Son a 1995 ta kai ta ga matasan da ba su san mai ita ba. Sheryl Crow ta sake rera The First Cut Is the Deepest a 2003, waƙar da Rod Stewart ya riga ya ɗauka a shekarun 1970. Dalili shi ne a can waƙa dukiya ce mai rajista, wadda wani zai nemi izini ya rera da nasa salo, a ambaci mai ita, a biya shi. Ba a ganin wannan a matsayin gazawa. A ƙasar Hausa kuwa, in ba ɗan gida ba ne, wanda ya rera waƙar wani akan ce kwaikwayo yake yi ko ya rasa tasa. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 1988, an kuma sabunta ta da dokar 2022, amma doka ba ta haifar da al'adar sake rerawa ba. Ɗan Maraya ya faɗa tsakanin tsari biyu: ya fita daga gadon gida irin na Bahaushe, bai kuma sami gadon faifai irin na Bature ba.

5.0 Ina tasirin ya tafi?

Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, musamman kuma bayan Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano. Ba kuntigi kaɗai abin ya shafa ba. Gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa da Hassan Wayam duk sun ja baya. Matashin da yake da murya a yau situdiyo yake nufa, ba wajen mai fatar akuya ba.

Sai dai in an bar kayan kiɗa an dubi tsari, za a ga abin mamaki. Mawaƙin zamani mutum ne guda, ba shi da ƙungiyar gado, yana tsara waƙarsa da Hausar gari, yana sayar da ita ga jama'ar da bai sani ba. Wannan siffar Ɗan Maraya ce, ba ta Narambaɗa ba. Jigogin auren dole da kishi da gulmar maƙwabta, waɗanda suka cika littattafan soyayya da finafinan Kano, ya riga ya mayar da su abin saurare a rediyo tun kafin kyamarar bidiyo ta iso. Ba za a ce daga gare shi kaɗai aka ɗauko su ba, domin finafinan Indiya suna da nasu kaso mai yawa, amma shi ya nuna cewa rigimar cikin ɗaki tana iya ɗaukar waƙa. Haka nan waƙoƙin Aminu Ala masu duban halin al'umma suna tafiya a kan turbar da ya share.

Abin da bai sami mai ɗauka ba shi ne yabon wanda ba shi da abin bayarwa. Waƙar da ta fi kawo kuɗi a yau ita ce ta siyasa, kamar yadda shaharar Dauda Kahutu Rarara ta nuna, wato an koma ga ubangida, illa dai gwamna ya maye gurbin sarki. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep da mai cajin waya ba su sami wanda ya yi musu abin da aka yi wa karen mota ba.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Waƙoƙin suna yawo a wayoyi da memori, an kwafo su daga tsofaffin kaset, galibi ba shekara ba sunan kamfani. Ɗalibai kuma idan sun zo rubuta su a kundayen digiri sukan jera su ɗa bayan ɗa, kamar yadda ake rubuta waƙar fada. Da wannan tsari Gulma-Wuya takan zama zance mara kai, domin mai karatu ba ya sanin inda mata ta yi shiru tsohuwa ta karɓa. Irin waɗannan waƙoƙi sun fi dacewa a rubuta su da tsarin wasan kwaikwayo, a sa sunan mai magana a gefen kowane layi, a kuma nuna wuraren da murya ta tsaya tsirkiya ta amsa.