Gani ya kori ji: sharhi kan yawon buɗe ido a fadoji, barikoki da gonakin tsauni

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana ne malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu kan kafa hujja duk sa'ad da suka tashi shirya balaguro. Idan sanyi ya shigo, hanya ta bushe, sai a tara kuɗi, a ɗauki shatar mota, a kwashi ƴan makaranta daga Maraɗi ko Tawa a nufi Damagaram. A tsaya ƙofar fadar Sarki, a yi hoto da dogarai cikin jajayen rigunansu, a ratsa lungunan Birni ana kallon zanen gidaje da zankwayensu, a ɗaga kai a hangi barikin Nasara bisa duwatsu, kafin la'asar an kama hanyar komawa. Niyyar mai kyau ce, kuma yaron da ya taɓa tsayawa gindin katangar fada ba zai sake ɗaukar Tanimun a matsayin suna kawai cikin littafi ba. Sai dai irin wannan tafiya tana da tsari nata, wanda aka gada daga kamfanonin yawon buɗe ido na Turai ba tare da an tsaya an auna shi ba. A cikin tsarin nan karin maganar ta kan juye ta zama zargi: kallo ya cika ido, har ya kori sauraro.

Takardar shirin balaguro ita ma rubutu ce, tana da abin da ta zaɓa da abin da ta tsallake. Wanda ya duba irin waɗannan takardu, ko na Damagaram ko na wata ƙasa mai nisa, zai tarar da jerin wurare da ƙarfe nawa za a isa kowane, da inda ya fi kyan hoto. Ma'aunin wuri a cikinsu shi ne tsufa da girma da ƙawa. Da wuya a ga an ware lokaci don zama da magini, ko da dattijon unguwa, ko da makaɗin fada. Gini ya zama abin kallo kamar dutse ko faɗuwar rana, sai ka ce shi ya tsiro da kansa.

Abin da katanga ba ta faɗa

Birnin Damagaram ya isa misali. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya daɗe bisa gadon sarauta daga 1851 zuwa 1884, masarautar ta kai ƙololuwar ƙarfinta: an kewaye Birni da ganuwa, an ƙera igwa a cikin gari, ayarin fatake na zuwa daga Tarabulus da Kano suna sauka a Zango. Wannan shi ne labarin da baƙo ke ji, kuma gaskiya ne. Amma ganuwa ba ta tashi da umarni kaɗai. Akwai waɗanda suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa ta, suka murza tubali, suka ɗauki ruwa a ka a garin da ruwa bai taɓa wadata ba, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne ko talakawan da aka tilasta. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a garin a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da mutanen da aka kamo a hari, mata da yara a cikinsu. Balaguron da ya nuna wa ɗalibi kaurin katanga, ya yi shiru game da hannun da ya ɗora ta, ya ba shi rabin tarihi ne. Rabin da aka ɓoye kuwa shi ne wanda ya shafi kakannin yara da yawa da ke cikin motar.

Haka lamarin yake game da barikin da ke bisa duwatsu. A 1898 aka kashe kaftin ɗin Faransa Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a 1899, sojojin Faransa suka ci mayaƙan Sarki a Tirmini, suka shiga gari, suka kafa sansaninsu a wurin da ya fi kowane tudu, suka raɗa masa sunan kaftin ɗin nasu. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi zaman gudun hijira, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Garin ya kasance hedkwatar ƙasar har 1926, sa'ad da aka mayar da mulki Yamai. Fada da bariki suna kallon juna ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce darasin. Me ya sa aka zaɓi tudu? Ina bakin bindiga ya fuskanta? Wa ya ɗauko duwatsun? Malami mai basira zai iya tsayar da ɗalibansa a inda ake hangen gine-ginen biyu, ya bar su su gano amsa da idonsu. Takardar balaguro kuwa ta kan jera su ɗaya bayan ɗaya, fada da safe, bariki da hantsi, kamar kayan da aka baza a kasuwa. Abin mamaki shi ne kayan aiki ba su yi ƙaranci ba: André Salifou ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Sau nawa ake buɗe waɗannan littattafai kafin a shiga mota?

Darasi daga tsaunukan Filifin

Domin a ga inda irin wannan kallo ke kaiwa idan ya yi nisa, ya kyautu a duba wani wuri da ba shi da fada ko bariki, amma ya sha masu yawon buɗe ido fiye da Damagaram. A arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, mutanen Ifugawo sun sassaƙe gefen tsaunuka suka mai da shi gonakin shinkafa hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse ko ta laka, ruwa na gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa ta ƙananan magudanai. Tushen ruwan kurmi ne da iyalai ke tsarewa a saman gonakin. A 1995 hukumar UNESCO ta sanya rukuni biyar na waɗannan gonaki cikin jerin kayan gadon duniya. Shekara shida kacal bayan haka, a 2001, ta mayar da su cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, kuma ba su fita ba sai 2012.

Baƙi ba su daina zuwa ba a waɗannan shekaru. Manoma ne suka ragu. Shinkafar gargajiya ta wurin sau ɗaya take nuna a shekara, ba ta ciyar da gida har wata kaka, don haka samari suka tafi birni, wasu suka koma jagorancin baƙi ko sassaƙa kayan tsaraba. Itacen sassaƙar daga kurmin da ke riƙe ruwa ake saro shi. Katangar da ta zube da damina, idan ba a tashe ta ba, sai ta ja ta ƙasa da ita. A garin Banawe, inda motocin baƙi suka fi tsayawa, tsofaffi kan sa tufafin gargajiya su zauna bakin hanya a ɗauke su hoto a ba su ɗan abin hannu, kuma gonakin da ke kewaye da garin ba su ma shiga jerin UNESCO ba saboda yawan sababbin gine-gine. Kuɗin kallo ya tafi ga masu masauki da masu mota, aikin da ya haifi abin kallon ya rage a wuyan wanda ba ya samun komai daga ciki.

Akwai kuma batun shekaru. An daɗe ana tallata gonakin da cewa sun shekara 2000. Binciken tonon ƙasa da Stephen Acabado da abokan aikinsa suka gudanar ya nuna cewa noman shinkafa a hawa-hawa ya bunƙasa ne kimanin shekara 400 da suka wuce, lokacin da mutane suka haura tsauni don kauce wa mulkin Sifaniyawa. Wannan labari ya fi na farko daraja, domin yana nuna jama'ar da ta yi dabara ta tsare ƴancinta. Amma bai kai na farko daɗin talla ba, shi ya sa har yanzu tsohon adadin ke yawo a bakin masu jagora. Kasuwar kallo ta fi son tsufa a kan gaskiya, kuma wannan cuta ba ta tsaya a Filifin ba.

Mutumin Adar ba ya bukatar a fassara masa wahalar irin wannan noma. Tun daga 1984, a ƙarƙashin aikin raya karkara na Keita, an jera duwatsu a gefen tuddai, an haƙa ramuka don tare ruwa da ƙasa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. A maƙwabta, tsaunin Sukur na jihar Adamawa, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1999, ya haɗa fadar Hidi ta dutse da gonakin hatsi hawa-hawa a wuri guda, abin da ke tuna wa mai kallo cewa fada daga gona take ci. Duk da haka, da wuya a ji wata makaranta ta shirya balaguro zuwa tuddan Keita. Ba su tsufa ba, ba sarki ya gina su ba, saboda haka ba a ƙidaya su cikin abin gani.

Ginin ƙasa da damina

Gonar tsauni da ginin ƙasa suna da hali ɗaya: aiki ne da ba ya ƙarewa. Soron da ba a sabunta yaɓensa ba, indararon da ya toshe, azarar da gara ta ci, duk damina ɗaya mai ƙarfi ta ishe su. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, tana tsaye ne saboda magina suna hawa itatuwan da ke jikinta suna gyara ta, kuma shigar tsohon garin cikin jerin UNESCO a 2013 bai ɗauke wannan bukata ba. Birnin Damagaram da fadarsa suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar tun 2006. A watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Dubban mutane sun tsaya gabansa sun yi hoto a shekarun da suka gabata. Hotunan suna nan cikin wayoyi. Da wani kaso na kuɗin mota da na abinci da aka kashe wajen zuwa kallonsa ya shiga hannun magina, da balaguron ya bar wani abu a bayansa ban da sawun taya.

Wannan suka ba ta nufin a daina tafiya. Tun daga tawayen arewa na 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, masu zuwa daga Turai sun ja baya ƙwarai, har ya zama ɗan ƙasa ne babban mai ziyarar waɗannan wurare. A nan damar take. Ɗalibin Maraɗi ba ya bukatar tafinta tsakaninsa da maginin Birni, yana jin kirarin da maroƙi ke yi, ya san mene ne makuba da abin da ya sa ake shafa ta. Tsarin da aka yanka don baƙon da ke da kwana biyu da na'urar hoto bai dace da shi ba.

Gyaran na hannun malamai da ƙungiyoyi. A rage yawan wuraren da ake zagayawa, a ƙara tsawon zama a kowane. Kafin tafiya a karanta labarin Tirmini da na 1906 a aji, a bar yara su shirya tambayoyinsu. A can kuma a nemi Sarkin magina ko wani na ƙarƙashinsa, a biya shi ladan lokacinsa kamar yadda ake biyan direba, a roƙe shi ya nuna yadda ake murza tubali da yadda ake gane katangar da ta sha ruwa. A saurari abin da fada ke faɗa game da kanta, a kuma saurari unguwannin da ke bayanta. Idan an dawo, a bukaci kowane ɗalibi ya rubuto abin da ya ji daga bakin mutum guda, da Hausa ko da Faransanci, a adana a ɗakin karatun makaranta. Kuma tun da magina kan yi yaɓe ne da bazara, kafin ruwan farko ya sauka, babu abin da zai hana wata ƙungiya ta sa ranar ziyararta a wannan lokaci, ta zo da tulunan ruwa da matasa masu ƙarfi, ta nemi a ba ta gefe ɗaya na katanga.